Jan wuta ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ɗakin bayan gida: wace waya, wane zurfi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masu sani nake nema. Na gina ɗan ɗaki a ƙarshen fili, jikin katangar baya, don uwargida ta mayar da sana'arta can. Firiza biyu za a sa, na zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, sai keken ɗinki mai mota, dutsen guga, fanka ɗaya da ƙwan fitila biyu. Daga allon breka na cikin gida zuwa ƙofar ɗakin mita 35 ne, mun ja tef. A yanzu doguwar waya ce shimfiɗe a tsakar gida, yara na tsallake ta safe da yamma, ga damina na tafe. So nake a binne ta. Yaron da ya yi mana wayarin ya ce a sayo waya mai kaurin 2.5mm irin ta cikin gida, a zura a fayif ɗin roba, a tona ɗani ɗaya a rufe, shi ke nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Gidan a Kano yake, wajen Rijiyar Zaki, ƙasar wurin yashi-yashi ce.

Oga Sale Wayarin: Wa alaikumus salam. Alhaji, gara da ka tambaya kafin a tona. Kada ka yarda a binne maka wayar cikin gida. An yi ta ne don bango, inda ba ruwa. Duk fayif ɗin da aka binne, komai gam ɗin da aka shafa a mahaɗarsa, wata rana sai ruwa ya kwanta a cikinsa, ko na sama ko na raɓar da ke taruwa ciki. Wayar ta shekara tana jiƙe, robar ta fara saki, sai wuta ta riƙa zuba cikin ƙasa. Kuma ɗani ɗaya ba zurfi ba ne, fartanyar mai shuka alayyahu ma ta kai nan. Abin da za ka saya shi ne kebul mai sulke, wanda 'yan kasuwa ke kira amod, mai cibiya uku, wato wayoyi uku a cikinsa, 4mm. A tona ƙafa biyu.

Ɗan Funtuwa: Ni kuwa sai na ga duk wannan wahala ce. A kafa fayif ɗin ƙarfe biyu a ja ta sama, yini ɗaya an gama. Haka muka yi wa ɗakin kajinmu.

Baban Ummi: Na yi wannan tunanin, Malam. Amma akwai darbejiya babba a tsakiyar hanyar, kuma iskar farkon damina a unguwarmu har kwano take yayewa. Sannan mata na shanya a wurin, ina tsoron wata rana a rataya jiƙaƙƙen zani a kanta.

Maman Sadik: Baban Ummi, don Allah ka ji maganar Oga. A gidan da muka yi haya a da, haka aka binne waya zuwa ɗakin mai gadi, siririya, ko fayif babu. Da damina ta yi nisa sai muka lura akuya ba ta bi ta gefen famfo, tana zuwa wurin sai ta daka tsalle ta koma. Ba mu gane ba sai da 'yata ta taka wurin ba takalmi da bokiti a hannu, ta kurma ihu ta zube. Allah ya kiyaye, ba ta ji ciwo sosai ba. Da aka tone, robar wayar ta farfashe kamar busasshen ɓawon rogo, jan ƙarfen ya koma kore. Kuma duk tsawon lokacin nan breka bai taɓa faɗuwa ba, kuɗin mita ne kawai ke saurin ƙarewa muna ta mamaki.

Injiniya Hauwa: Allah ya ƙara kiyayewa, Maman Sadik. Wannan abin da kika faɗa a ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a duk zancen, zan dawo kansa. Bari in fara da kaurin waya, don a nan na ɗan saɓa da Oga Sale.

Waya 2.5 ba za ta narke ba da kayan da Baban Ummi ya lissafa. Matsalarta nisa ne. Duk mita ɗaya da wuta ta yi tafiya a cikin waya, ƙarfinta na raguwa kaɗan, kuma sirantar waya ke ƙara ragin. Littafin ƙa'idar wayarin na Birtaniya, BS 7671, wanda a kansa aka koyar da yawancinmu, ya ba da alƙaluman: a kowane amp (ma'aunin yawan wutar da kaya ke ja), a kowace mita, 2.5mm na zubar da milibolt 18 (milibolt dubu ne bolt ɗaya), 4mm na zubar da 11, 6mm na zubar da 7.3. A ce ɗakin zai ja amp 20 idan komai na kunne kuma an bar sarari don gaba. A mita 35, waya 2.5 za ta cinye bolt 12.6, waya 4 ta cinye 7.7, waya 6 ta cinye kusan 5. Ƙa'idar ta ce kada ragin ya wuce kashi 5 cikin ɗari ga soket, wato bolt 11.5 a wutar 230, kuma kada ya wuce kashi 3 ga fitilu, wato 6.9. Kun ga 2.5 ta faɗi. 4 ta tsallake ɗaya ta kasa ɗaya. 6 ce ta wuce duka.

Wannan lissafin kuma an yi shi ne a kan cewa 230 ɗin ta iso gidan cikakkiya. Baban Ummi, da magariba nawa wutarku ke nunawa?

Baban Ummi: Injiniya, sitabilaizan falo wani lokaci 190 yake nunawa, har ƙasa da haka idan kowa ya kunna kaya.

Injiniya Hauwa: To ka gani. Mai 190 ba shi da bolt goma sha biyun da zai zubar a hanya. Firiza idan za ta tashi tana fizgar wuta ninkin abin da take ci a tafiya sau da yawa, na ɗan lokaci kaɗan. Idan ba ta samu ba, za ka ji kwamfiresa ta yi gunji, ta yi ƙas, ta yi shiru, bayan minti biyu ta sake gwadawa. Haka za ta yi ta yi har ta ƙone. Mutane sai su ce firizar ce ba ta da kyau, alhali wayar ce ta hana ta abinci. Ni 6mm nake ba da shawara.

Oga Sale Wayarin: Injiniya, lissafinki daidai ne, ban ja ba. Amma amp 20 daga ina? Firiza biyu, keke, fanka, dutsen guga, duk ka haɗa su da kyar su kai amp goma. A amp goma 4mm bolt huɗu ma ba ta zubarwa. Ku masu ofis ba ku san yadda jan ƙarfe ya yi tsada ba. Mutum ya zo da kuɗin 4 ka ce sai 6, sai ya fasa ya koma wa yaron da ya ce 2.5. Gara 4 mai kyau da 6 ta bogi.

Injiniya Hauwa: Maganarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari, Oga. Amma kai ma ka sani, ɗakin da aka sa wa wuta ba ya tsayawa yadda aka fara shi. Bana firiza biyu, azumi na zuwa a ƙara ta uku, sai hita ta dafa zoɓo, sai injin liƙe leda. Hita kaɗai ta kusa cinye amp goman. Kuɗin tono da yashi da lebura ɗaya ne ko wace waya aka sa, bambancin a kebul ɗin kawai yake. Idan aljihu bai kai ba, 4 za ta yi aiki, amma a sa mata breka 20 kuma uwargida ta san iyakarta.

Baban Ummi: Maganar hita gaskiya ce, don ta riga ta fara zancenta. Zan daure in yi 6.

Malam Isufu, Maraɗi: Salamu alaikum. Bari in kawo yadda muke yi a nan Nijar, ko zai yi amfani. Mu ƙa'idar Faransa muke bi, NF C 15-100. Ba mu cika aiki da mai sulke ba a gidaje. Baƙin kebul muke sa wa, R2V, mai roba biyu, a zura shi cikin jan tiyo mai gaɓa-gaɓa da aka yi musamman don ƙasa. Zurfi santimita 50 a fili, 85 inda mota ke bi. A sama da shi da santimita 20 a shimfiɗa jar raga ta roba. Ja na kuran ne, wato wutar lantarki, shuɗi na ruwa, kore na tarho, rawaya na gas. Duk wanda ya zo tono ya ga jar raga ya san ya ajiye diga ya koma hannu. Kuma idan kebul zai gitta tiyon ruwa, a bar santimita 20 tsakaninsu.

Oga Sale Wayarin: Malam Isufu, tsarinku mai kyau ne, sai dai jan tiyon nan ba ko'ina ake samunsa a nan ba. Abin da yara ke yi shi ne su ɗauko siririn fayif na wayarin, 20mm, wanda ana taka shi yake fashewa. Shi ya sa ni nake cewa amod, kai tsaye cikin yashi, ba fayif. Sulken ƙarfen da ke jikinsa shi ne kariyarsa. Ɓera ba ya iya shi, shebur ba ya yanka shi da sauƙi, kuma ƙasa na shanye zafinsa.

Injiniya Hauwa: A nan ma ina da ƙari. Amod kai tsaye halas ne a ƙa'ida, babu laifi. Amma ni a gida na fi son a zura shi cikin fayif mai kauri, inci biyu, irin na ruwa mai jure matsi. Dalilina ɗaya: ranar da kebul ya samu matsala ko ake son ƙara wani, a zare a zura, ba sai an fasa intalok ko an sare bishiya ba.

Oga Sale Wayarin: Hajiya, kin taɓa jan amod 6mm mita 35 a fayif mai kwana biyu? Mutum huɗu sai sun yi gumi. Kuma fayif ɗin nan ya zama gidan ruwa da hanyar ɓera daga ɗaki zuwa ɗaki.

Injiniya Hauwa: Na ja, Oga. Sirrin kada a sa gwiwar famfo mai kwana a tsaye. A sa lanƙwasa mai faɗi, ko a yi ƙaramin rami mai murfi a inda hanya ta juya. A zura igiyar nailan tun ana haɗa fayif ɗin, a shafa wa kebul sabulun ruwa, ban da giris ko baƙin mai don suna cin roba. A bar wata igiyar a ciki don gaba, a toshe bakin biyu. Ruwa kuwa ba ya damun amod muddin rigarsa ta waje ba ta yage ba kuma babu haɗi a ƙasa.

Oga Sale Wayarin: To mu raba. Inda fili ne na ƙasa, yashi. Inda za a yi daɓe ko mota za ta taka, fayif. Alhaji, yaya hanyar take?

Baban Ummi: Mita takwas na farko intalok ne, nan nake ajiye mota. Sauran ƙasa ce har ɗakin. Sai dai akwai sokawe a gefen hagu, da fayif ɗin da ya taso daga tanki zuwa bayi.

Oga Sale Wayarin: Madalla. Ga yadda zan yi da aikina ne. A ɗaga intalok layi biyu a jera su gefe, za su koma. A ja igiya a zuba toka a yi layi miƙaƙƙe, a nisanci sokawe, don wata rana za a zo yashe shi ko a faɗaɗa. Darbejiyar ma a kewaye ta da ɗan nisa, saiwarta na tafiya. Faɗin rami bakin shebur ya isa. Zurfi santimita 60 a ƙasa, ƙarƙashin mota a ƙara ya haura haka. Inda aka kusa fayif ɗin ruwa a ajiye diga, a tona da hannu, kebul ya bi ta ƙarƙashinsa da tazarar da Malam Isufu ya faɗa.

Idan an gama tono ka shiga ramin da kanka ka bi shi. Duk tsakuwa mai kaifi, fasasshiyar kwalba, guntun rodi, a tsince. A zuba yashi mai laushi kamar yatsa huɗu. A kwantar da kebul, kada a ja shi ya yi tsam, a bar shi ya ɗan yi lanƙwasa don ƙasa na motsi tsakanin rani da damina. A sake rufe shi da yashi yatsa huɗu. A jera jan bulo ko fale-falen kankare a kai tun daga farko har ƙarshe. A zuba ƙasa rabi a daddaɓe, a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi, sannan a cike. Inda kebul zai fito daga ƙasa ya hau bango, a sa shi cikin fayif ɗin ƙarfe har ya wuce tsayin yaro, a kama da kilif.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kebul ya zama guda ɗaya daga allo zuwa allo. Ka auna 35, ka sayi 42 ko fiye, don hawa bango da shiga allo na cin mita. Wanda ya sayi daidai-wa-daida ya zo ya gaza, sai yaro ya murɗa ya naɗe da baƙin tef ya binne. Wurin nan ne zai ci ka.

Mai Sola: Baban Ummi, duk kuɗin nan da za ka zuba a ƙasa, me zai hana ka ɗora farantin sola a kan ɗakin ka huta? Wutar da za ka ja ɗin ma awa nawa take zama?

Baban Ummi: Ina da niyya, ɗan'uwa, amma ba bana ba. Firiza biyu da dutsen guga a kan batir ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma janareto na cikin gida, idan an ja wayar daga bayan canji-oba ɗakin ma zai samu.

Mai Sola: Haka ne. To ko don wannan ka sa fayif ɗin da Injiniya ta ce a duk tsawon. Ranar da ka sa sola a rufin ɗakin za ka so mayar da wuta cikin gida, hanya na nan.

Kawu Bala, Amurka: Ina ta bin zancen. A nan in mutum zai ja wuta zuwa rumfar bayan gida, kafin ya sa shebur sai ya kira lamba 811, a zo a yi masa alama da fenti inda bututun gas da ruwa da wayoyi suka bi, kyauta. Ƙa'idarsu inci 18 idan cikin fayif ɗin roba ne, inci 24 idan kebul ɗin binnewa ne kai tsaye. Kuma a yawancin garuruwa sai ka karɓi izini, mai duba aiki ya zo ya ga ramin a buɗe kafin ka rufe. Na san a gida ba mai zuwa ya duba maka. Amma abu ɗaya za ka iya ɗauka: kafin a mayar da ƙasa, ka ɗauki hoton ramin daga farko zuwa ƙarshe, da tef ɗin awo a ciki, ka auna nisansa daga katanga a wuri uku ka zana a takarda ka haɗa da takardun gida. Shekara goma nan gaba wanda zai haƙa ramin shuka mangwaro ba zai san komai ba.

Injiniya Hauwa: Kawu ya kawo magana mai kyau. A nan ma akwai hukumar da doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki, NEMSA, tun dokar 2015, kuma ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba laifi ba ne ka tambayi wanda zai yi maka aiki ko yana da ita.

Yanzu bari in koma kan maganar Maman Sadik, cewa breka bai faɗi ba. Ba lalacewa ya yi ba. Breka na yau da kullum waya yake karewa, ba mutum ba. Mai lamba 20 ba zai motsa ba sai wuta ta haura amp 20. Abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba. Wato wuta na iya bi ta jikin yaro ta shiga ƙasa, breka na zaune lafiya lau. Abin da ke ganin wannan shi ne RCD, wasu na ce masa ELCB. Yana gwada wutar da ta fita ta layin wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan suka bambanta da miliamp 30, wato 30mA (miliamp dubu ne amp ɗaya), ya san wani abu na zuba, sai ya yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Don haka, a ɗakin a sa ƙaramin allo: RCD mai 30mA, breka 6 na fitilu da fanka, breka 16 ko 20 na soket. Wurin da ake wasa da ruwa da ƙanƙara, hannu a jiƙe, ƙafa a kan siminti, wannan ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. A cikin gida kuma, inda kebul ɗin ya taso, breka nasa shi kaɗai, 25 ko 32 ga 6mm, tare da wani RCD mai 100mA mai jinkiri, don ya kare shi kansa kebul ɗin idan diga ta same shi. Idan ba a samu mai jinkirin ba, a sa mai 30 ɗin tun daga gida.

Maman Sadik: Injiniya, Allah ya saka. Sai yau na fahimci abin. Tambayata, mai firiza ba zai cutu ba? Wata maƙwabciyata ta ce nasu na yawan faɗuwa da dare, su tashi ƙanƙara ta narke, har suka sa aka cire shi.

Injiniya Hauwa: Cirewar ita ce kuskure, Hajiya. Idan yana faɗuwa, akwai abin da ke zubar da wuta, ko tsohuwar firiza, ko hita, ko danshi a soket. A nemo shi. Abin da za a iya yi shi ne a raba: firiza a kan nata RCD, sauran kaya a kan nasu, don dutsen guga kada ya kashe wa ƙanƙara wuta. Akwai maɓallin gwaji a jikinsa, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ya faɗi. Sannan Baban Ummi, tunda ka ambaci janareto: ƙananan janareto da yawa nutural ɗinsu ba ya haɗe da atin, wato wayar kariya da ke sauke wuta cikin ƙasa, kuma a haka RCD ba lalle ya yi aikinsa ba. Mai aikin ya gwada shi a kan wutar gari, ya sake gwadawa a kan janareto.

Ɗan Funtuwa: To atin ɗin fa? Mu gawayi da gishiri muka zuba a rami muka sa rodi.

Oga Sale Wayarin: Rodin gini ba sandar atin ba ce, ɗan'uwa, shekara kaɗan ta zama tsatsa. A sayi sanda mai rufin jan ƙarfe. Shi kebul mai cibiya uku, ɗaya wuta, ɗaya nutural, ta uku atin, a naɗa mata tef kore a baki biyu don kada wani ya rikice. Sulken ma dole a kama shi da gilan na tagulla, wato maɗaurin bakin kebul, a jikin allo a haɗa da atin. Yara da yawa yanke sulken suke yi su watsar, su cusa kebul ɗin haka nan. In aka yi haka an zubar da rabin amfanin amod. A bakin ɗakin kuma a kafa wata sandar. Gawayi da gishiri kam ni ina zubawa, haka muka gada, kuma yana aiki.

Injiniya Hauwa: Yana aiki a shekarar farko, Oga. Gishiri na rage juriyar ƙasa, gaskiya ne, amma ruwan sama na wanke shi, kuma kafin ya tafi yana cin sandar da kilif ɗinta. A yashin Rijiyar Zaki na fi son a haɗa sanda biyu a doka su zurfi har su taɓa danshi. Kuma a auna, kada a yi zato. Littafin BS 7671 ya ce juriyar sandar atin da ta haura om 200 ba abin dogaro ba ce. A auna a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, don a Agusta kowace sanda kyau take nunawa.

Oga Sale Wayarin: Gawayin dai ba ya cin ƙarfe yadda gishiri ke yi, kuma yana riƙe danshi. Zan rage gishirin, amma gawayi na nan.

Baban Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura sayen kaya. Oga, ka ce gara 4 mai kyau da 6 ta bogi. Yaya zan gane? Sabon Gari zan shiga.

Oga Sale Wayarin: Ka tafi da reza da ashana ko laita. Ka ce a yanko maka ɗan guntu daga kan nadin da za a sayar maka, ba wanda ke rataye a ƙofar shago ba. Ka fere, ka zaro sili ɗaya ka kankare shi da reza. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki. Idan ka ga fari ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa riga. Ka kara masa wuta: na gaskiya zai yi ja ya tsaya, na bogi sai ya lanƙwashe ya zube. Ka ɗaga ka ji nauyi, na bogi shafal yake. Akwai kuma wanda jan ƙarfen gaske ne amma an rage masa kauri, an rubuta 6 alhali bai kai ba. Wannan sai ka gwada shi gefe da gefe da na kamfanin da ka yarda da shi. Ka duba rubutun jikin kebul, sunan kamfani da kauri da alamar NIS, ta ingancin kaya a Nijeriya, su fito raɗau a maimaice. Muna da masu yin kebul a ƙasar nan, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, ka nemi dilansu na gaskiya ka karɓi rasit. In farashin wani shago ya faɗo ƙasa da na kowa sosai, ka san araha ba ta ado. RCD ma haka, kada ka sayi marar suna.

Shugaban Zaure: Tunatarwa ga masu karatu: duk wannan jan wuta daga bayan mitar gida ake yinsa. Wanda ya ɗauko daga gaban mita ya shiga laifi, kuma a nan ba ma koyar da shi.

Baban Ummi: Daga allon gida ne, ranka ya daɗe. Ga abin da na tsayar: 6mm mai sulke, cibiya uku, mita 42. Fayif inci biyu a ƙarƙashin intalok, kuma in kuɗi sun kai in ƙarasa shi har ɗakin. Tono ni da yarana za mu yi ranar Asabar. Haɗa allo kuwa zan nemi mai takarda. Tambaya ta ƙarshe: in mun kwantar da kebul mu rufe ramin kafin ya zo, ko mu jira? Ina gudun yara da rami a buɗe.

Oga Sale Wayarin: Ku rufe kebul ɗin da yashi kawai ku ɗora katako a kai saboda yara. Bakin kebul biyun a naɗe su da leda da tef, a ɗage su sama kada ruwa ya shiga. In ya zo, ya sa mega, na'urar auna ko robar waya na zubar da wuta, ya gwada tsakanin kowace cibiya da 'yar'uwarta da kuma sulke, a bolt 500. Ƙa'ida ta ce kada ya gaza megom ɗaya, wato om miliyan ɗaya, amma sabon kebul lafiyayye ya kamata ya nuna ɗaruruwa. In ya nuna ƙasa-ƙasa, an ji masa rauni wajen ja, gara a gani rami na buɗe. Bayan an cike an daddaɓe ya sake gwadawa kafin a ba shi wuta. In ya ce ba shi da mega, tasta kawai gare shi, ka sallame shi ka nemi wani.

Injiniya Hauwa: Kuma ranar haɗawa a kashe babban makunni, a kashe janareto, a zare canji-oba zuwa tsakiya, don wuta na iya dawowa ana cikin aiki. Ka turo mana hoton ramin da na gilan ɗin kafin a rufe allo, ina so in ga yadda ya kama sulken.

Baban Ummi: In sha Allahu zan turo ranar Asabar da yamma.